Zafin inji a tsohuwar Fijo 504: Musabbabi, alamomi da matakan gano matsalar

Daga watan Maris zuwa Mayu, duk wanda ke bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya saba ganin mota a gefen titi, bonet a buɗe, tururi na tashi, direba riƙe da jarka yana neman inda zai sami ruwa. A wannan lokaci zafin rana a Talata Mafara da Bakura da Maradun yakan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi. Ga ɗan kasuwar da ya ɗauko albasa ko tumatir daga gonakin Bakolori, tsayuwar awa uku a rana asara ce ta kuɗi. Ga ma'aikacin da ke komawa Gusau da yamma, lamarin ya wuce na kuɗi, domin a shekarun nan na rashin tsaro babu mai son magariba ta riske shi tsakanin gari da gari da matacciyar mota.

Zafin inji alama ce ta wata matsala da ke ɓoye. Ƙara ruwa a kowane gari yana jinkirta bayyanar matsalar, amma ba ya kawar da ita. Wannan bayani ya ɗauki Fijo 504 a matsayin misali, saboda tsarin sanyaya injinta a fili yake, kuma wanda ya fahimce shi zai fahimci na yawancin motocin da suka biyo bayanta.

Motar da ake magana a kanta

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, ta kuma lashe kambin motar shekara ta Turai a 1969. A wannan shekarar ce aka fito da samfurinta mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara jikinsu, kuma masu tara tsoffin motoci a Turai suke ji da su har yau. Sunan 504 ya ƙara fita ne a tseren motoci na Afirka: ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, sannan samfurin mai ƙofa biyu da silinda shida ya sake cin gasar a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas.

A Nijeriya, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Fijo a 1975. Ba da jimawa ba 504 ta zama motar gwamnati, motar babban ma'aikaci, motar haya ta dogon zango, a-kori-kurarta kuma ta zama jakin 'yan kasuwa. An daina ƙera salun ɗinta a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan mafi ƙuruciyar 504 da ke kan titi yau ta kai kusan shekara ashirin, wasu kuma sun haura arba'in.

Abubuwa uku game da injinta na fetur mai silinda huɗu suna da muhimmanci ga wannan batu. Na farko, gangar jikin injin, wato bulok, baƙin ƙarfe ce, amma kan injin, wanda makanikai ke kira tof-silinda, na alminiyam ne. Na biyu, fistin ɗinta suna gudu ne cikin silif da ake iya zarewa, ruwa kuma yana taɓa jikin silif ɗin kai tsaye. Na uku, a yawancin samfuran fankarta ba ta juyawa da ƙarfi kullum. Tana da maganaɗisun lantarki da ke kama ta idan ruwa ya yi zafi, ya sake ta idan ya huce.

Yadda inji ke fitar da zafinsa

Wutar da ke tashi cikin silinda tana haura digiri 2,000, alhali alminiyam yana narkewa a digiri 660. Daga ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke juya tayoyi bai cika kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kusan kashi ɗaya yana fita ta salansa, sauran kuma ruwan inji ne ke ɗauke shi.

Famfon ruwa, wanda ake kira wata-famfo, yana samun juyi daga fambel. Shi ke tura ruwa ya zagaya jikin silif da cikin tof-silinda, ya kwaso zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto. A cikin lagireto ruwan yana ratsa siraran bututu masu yawa da ke manne da ganyayyakin ƙarfe, iska ta bi ta tsakaninsu ta kwashe zafin, ruwan ya koma inji ta tiyon ƙasa. Idan mota na gudu, iskar hanya ta wadatar. Idan tana tsaye ko tana tafiya a hankali, fanka ce ke jawo iskar. Duka ruwan da ke wannan zagaye a 504 bai kai lita takwas ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake rainawa. Ɗaya shi ne tamostat, wata 'yar ƙofa da ke bakin tiyon sama, wadda ke rufe hanyar lagireto idan inji na sanyi, ta buɗe idan ruwa ya kai wajen digiri 75 zuwa 82, gwargwadon irin wadda aka sa. Ɗayan shi ne murfin lagireto. Aikinsa ya wuce rufe baki: yana da sifirin da roba da ke riƙe matsi a cikin tsarin. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma idan aka matse shi da ma'aunin ba ɗaya, sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Inji mai lafiya yana aiki ne tsakanin digiri 80 da 95. Saboda haka murfin da robarsa ta mutu ya rage tazarar da ke tsakanin aiki da tafasa zuwa 'yan digiri kaɗan.

Lagireto yana sanyaya ruwa ne gwargwadon bambancin zafinsa da na iskar da ke ratsa shi. Ruwa mai digiri 90 a safiyar hunturu mai digiri 15 yana da tazarar digiri 75. Ruwan nan a azahar ɗin Afrilu mai digiri 42 tazararsa 48 ce kawai. Wannan ne ya sa lagireton da rabin bututunsa suka toshe yake kai mai shi Gusau lafiya a watan Janairu, ya kuma tona masa asiri a watan Afrilu.

Alamomin da ke gabatar tafasa

Allurar zafi da ke dashbod ita ce shaida ta farko, kuma motar da allurarta ta mutu tamkar mai tafiya ne ido rufe. Bayan ita akwai ƙarar ƙwanƙwasa daga inji idan an taka totur, raguwar ƙarfi a hawa, warin ƙonannen mai ko na roba, da ƙarar ɓulɓular ruwa bayan an kashe mota. Akwai kuma wata alama mai ruɗi: allura ta hau sama, sannan ta faɗo ƙasa ba tare da an yi komai ba. Sau da yawa wannan na nufin ruwan ya ƙare har na'urar auna zafin ba ta cikin ruwa. Inji a wannan hali yana dab da lalacewa.

Abin yi idan allura ta hau a kan hanya

A kashe esi nan take, a rage gudu, a sauko zuwa giyar da inji ba ya wahala. Idan hitar motar tana aiki, a kunna ta zuwa ƙarshe a buɗe gilasai, domin ita ma ƙaramin lagireto ce da za ta rage wa inji zafi. Wannan kan ba direba damar isa gari ko shingen jami'an tsaro mafi kusa idan allura ba ta shiga ja ba. Idan ta shiga ja, ko tururi ya fito, ko inji ya fara ƙara, to tsayawa ta zama dole.

Idan babu yoyo kuma fambel na nan, barin inji a silo na minti biyu ko uku yana taimaka wa ruwa ya ci gaba da zagayawa. Idan ruwa na zuba ko fambel ya tsinke, a kashe shi nan da nan.

Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi ya wuce digiri 100, kuma da zarar an saki murfin zai rikiɗe ya zama tururi ya yi tsartuwa zuwa fuska da ƙirji. A jira aƙalla rabin awa, har tiyon sama ya yi laushi ana iya matsa shi da hannu. Sannan a ɗora tsumma mai kauri, a juya murfin zuwa tsayawarsa ta farko, a bar iska ta fita, kafin a cire shi gaba ɗaya. Wanda ruwan ya ƙona, a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi a wurin har minti ashirin, kada a shafa man goge baki ko baƙin mai, a kuma kai shi asibiti.

Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi ko a cikinsa. Sanyin farat ɗaya yana tsaga tof-silinda ko ya lanƙwasa shi. Idan ya huce, a tayar da shi, a riƙa zuba ruwan a hankali yana aiki.

Lokacin da zafin ke zuwa yana nuna inda matsalar take

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, mai mota ya lura da yanayin da allura ke hawa. Wannan bayani ya fi komai amfani ga makaniki.

Idan mota na zafi a cunkoso, kamar ranar Talata a bakin kasuwar Mafara, amma tana hucewa da an hau babban titi, matsalar ta iska ce. A duba fanka da fambel da ganyayyakin lagireto.

Idan tana lafiya a cikin gari amma tana zafi a doguwar tafiya, da gudu ko da kaya, matsalar ta zagayawar ruwa ce. A duba toshewar lagireto, da tiyon ƙasa, da famfon ruwa, da kuma saitin wuta.

Idan allura na hawa cikin minti goma da tayar da mota, tiyon sama kuma yana nan da sanyi, tamostat ce ta maƙale a rufe, ko kuma famfo ba ya tura ruwa.

Idan ruwa na raguwa kullum kuma ana ganin jiƙa a ƙasa, yoyo ne na waje. Idan yana raguwa ba a ganin inda yake zuba, ana zargin murfi, sannan gaskit.

Bincike daga mai araha zuwa mai tsada

Ruwa da yoyo. Da safe, kafin a tayar da mota, a buɗe murfi a ga ko ruwa ya rufe bakin bututun. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji a kwana, a ga inda ya ɗiga. A bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ana matsawa: wanda ya yi tauri kamar itace, ko ya yi laushi ya kumbura, ko ya tsattsage a bakin kilif, ya gama aiki. Farin gari ko jan tabo a jikin lagireto alamar tsohon yoyo ce. A duba gefen bulok, inda ake da wasu toshiyoyin ƙarfe masu kama da kwabo, domin tsatsa tana huda su. Wani yoyon ba ya bayyana sai da matsi, shi ya sa makanikin da ke da famfon gwada matsi yake gano shi cikin 'yan mintuna.

Murfi. A duba robarsa, a danna sifirin a ji ko yana da ƙarfi. A sayi mai lambar matsi irin wadda aka tsara wa lagireton. Murfi mai matsi fiye da ƙima yana fasa tsohon lagireto da tsoffin tiyo.

Fambel. A danna shi da babban yatsa a tsakiyar doguwar tazararsa. Ya kamata ya lotsa kamar santimita ɗaya. Idan ya yi sako-sako yana zamewa, famfo ba ya samun cikakken juyi. Idan an ɗaure shi tamau yana kashe boris ɗin famfo. Wanda gefensa ya yi sheƙi ko ya tsattsage a sauya shi, a kuma ajiye sabo a but.

Fanka. A 504, idan inji ya yi zafi ya kamata a ji fanka ta kama, ƙarar iska ta ƙaru. Idan ba ta kama ba, a duba makunnin zafi da ke jikin lagireto, da fis, da waya, da ɗan gawayin da ke kai wuta ga maganaɗisun. Makanikai da yawa kan ɗaure fankar ta riƙa juyawa kullum. Wannan dabara tana kai mota gida, illa dai tana ƙara ƙara da shan mai. A tabbata ba a juya fuskar fankar ba wajen ɗaurawa, kuma babu reshen da ya karye.

Wajen lagireto. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayin shinkafa da gero a lokacin kaka, ƙwarin damina da ledoji duk suna liƙewa a ganyayyaki. A haska tocila daga baya. Inda haske bai ratsa ba, iska ma ba ta ratsawa. A wanke daga ɓangaren inji zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi, domin injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana kwantar da ganyayyakin. Motar da aka ƙara wa esi tana da wani lagireton a gaba, datti kuma yakan taru a tsakanin su biyun inda ido ba ya gani.

Cikin lagireto. Bayan inji ya ɗauki zafinsa, a kashe shi, a shafa fuskar lagireto da tafin hannu cikin hattara. Zafin ya kamata ya bazu ko'ina, yana raguwa a hankali zuwa wajen tiyon ƙasa. Wurin da ya yi sanyi a tsakiya, bututunsa sun toshe. Lagireton asali na 504 na tagulla ne, masu gyara suna iya narka dalma su cire tankinsa, su zura siririn ƙarfe a kowane bututu, su mayar. Amma kowane bututun da aka matse aka toshe saboda yoyo ya rage ƙarfin lagireton, kuma idan suka yi yawa sauya shi ya fi.

Tiyon ƙasa. Shi ne ɓangaren da famfo ke zuƙa. Idan ya tsufa yakan shafe idan an taka totur, ya hana ruwa wucewa, ya koma daidai a silo. A sa wani ya taka totur a tsaye ana kallonsa.

Tamostat. A cire ta a saka a tukunyar ruwa a kan wuta. Ya kamata ta fara buɗewa tun kafin ruwan ya tafasa, ta buɗe sosai, ta kuma rufe idan ya huce.

Famfon ruwa. Inji a kashe, a girgiza fulinsa. Idan yana motsi, boris ya tafi. Jiƙa a ƙaramin ramin da ke ƙarƙashinsa na nufin robar cikinsa ta mutu. Akwai kuma famfon da ba ya yoyo ba ya ƙara, amma tsatsa ta cinye fukafukansa, yana juyawa a banza.

Abubuwan da ba na ruwa ba. Idan taimin ya yi baya, wuta tana ci gaba da ci har lokacin da bawul ɗin salansa ya buɗe, zafi ya taru a tof-silinda. Kafireton da aka matse ƙwarai don rage shan mai yana sa inji zafi. Haka nan ƙarancin baƙin mai, birkin da ke kamawa, salansar da ta toshe, da lodin da ya wuce ƙima. A tuna kuma cewa allurar kanta tana iya yin ƙarya idan na'urar auna zafin ko wayarta ta lalace.

Gaskit: ƙarshen bincike

Gaskit shi ne shimfiɗar da ke tsakanin bulok da tof-silinda, wadda ke raba wuta da ruwa da baƙin mai. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka tafasa mai tsanani guda ɗaya tana iya lanƙwasa tof-silinda ta ƙona gaskit.

Alamominsa sanannu ne: kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa a bakin lagireto inji na aiki, tiyon sama na yin tauri jim kaɗan da tayar da mota, farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa bayan inji ya yi zafi, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko filogi ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi.

Sau da yawa ƙonewar gaskit sakamako ce ta zafin. Wanda ya sauya gaskit bai gano abin da ya fara kawo tafasar ba, zai sake ƙona sabon kafin damina. Wajen aikin, a kai tof-silinda a auna shi, a goge fuskarsa idan ya lanƙwashe, a kuma ɗaure notocinsa bisa jeri da ma'aunin ƙarfi. A 504 akwai ƙarin sharaɗi: da zarar an ɗaga tof-silinda, dole a danne silif ɗin, kada kuma a juya inji. Idan silif ya motsa, abin da ke toshe gindinsa zai saki, ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai ko da an sa sabon gaskit. Mai mota yana da haƙƙin tambayar makaniki ko ya san wannan kafin ya ba shi aikin.

Al'adu uku da ke kashe inji a hankali

Ta farko ita ce cire tamostat. Ana yawan cewa an yi ta ne don ƙasashen sanyi. Gaskiya ne tamostat da ta maƙale a rufe tana kawo tafasa, kuma cire ta a bakin hanya ya halatta don a isa gida. Amma mai lafiya, da zarar ta buɗe, ba ta hana lagireto aikinsa. Idan babu ita, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman a safiyar hunturu, fetur yana wanke man da ke jikin silif, ringi na saurin cinyewa, shan mai na ƙaruwa. Idan mota ta daina tafasa don an cire tamostat mai lafiya, to an rufe wata matsalar ce kawai.

Ta biyu ita ce zuba kowane irin ruwa. Ruwan magudanan Bakolori da na gulbi yana ɗauke da laka, wadda ke kwantawa a bututun lagireto. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana barin farin dutse irin wanda ake gani a gindin butar shayi, kuma ɓawon da bai kai kaurin farce ba ya isa ya hana zafi ratsawa. Ruwa zalla kuma yana sa bulok tsatsa, yana cin alminiyam. Abin da ya dace shi ne ruwa mai tsabta, kamar tataccen ruwan da ake sayarwa don batir, wanda ba a haɗa da asid ba, ko ruwan da ke ɗiga daga esin ɗaki, ko ruwan sama da aka tace, a haɗa shi da kulan. A ƙasar da ba a ƙanƙara, babban amfanin kulan shi ne hana tsatsa da ɗan ɗaga ma'aunin tafasa. Kulan zalla bai kai ruwa ɗaukar zafi ba, don haka wanda ba a riga an sirka ba ana haɗa shi kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. A sauya shi duk shekara biyu. Yana da zaƙi kuma guba ne, saboda haka a nisanta shi daga yara da dabbobi, kada kuma a zuba shi a gorar ruwan sha.

Ta uku ita ce toshe yoyo da garin rogo ko sabulu ko ɗanyen ƙwai. Abin da ya toshe ramin yoyo zai toshe siraran bututun ma. Wanda larura ta sa ya yi haka a daji, ya wanke tsarin gaba ɗaya washegari.

Sauran motoci

Ƙa'idar ɗaya ce a Golf da Sharan da Corolla da suka maye gurbin Fijo a tashoshin mota, da ɗan bambanci. Fankarsu ta lantarki ce, don haka fis da rile da makunnin zafi ne farkon abin dubawa. Lagiretonsu alminiyam ne mai tankin roba, wanda ke tsagewa idan ya tsufa kuma ba ya karɓar dalma. A wasunsu murfin matsi yana kan gorar ruwa. Suna kuma riƙe iska a ciki bayan an sauya ruwa, sai an fitar da ita. Ita kuwa tsohuwar Volkswagen Beetle, wadda aka harhaɗa a Legas tun daga 1975, ba ta da lagireto ko kaɗan. Iska da baƙin mai ne ke sanyaya ta, kuma idan bel ɗinta ya tsinke fankarta ta tsaya ke nan, dole a kashe ta nan take.

Kafin a kama hanya

Rigakafi ya fi magani, kuma watan Fabrairu ne lokacinsa, kafin bazara ta kankama. A wanke lagireto ciki da waje, a sauya murfi da duk tiyon da ake shakka, a gwada tamostat da fanka, a gyara allurar zafi, a daidaita taimin. Kuɗin waɗannan duka bai kai na gaskit da gugar tof-silinda ba, balle na sabon inji.

A ranar tafiya, a duba ruwa da baƙin mai da fambel tun inji na sanyi. A ɗauki jarkar ruwa mai tsabta ta lita goma, da fambel, da kilif biyu, da sukundireba, da filaya, da tsumma mai kauri. Mai kaya ya yi sammako, ya ratsa hanya kafin rana ta take, ya kuma rage lodi idan tafiyar azahar ta zama dole. Motar da ta sha ruwa fiye da kofi ɗaya tsakanin Talata Mafara da Gusau tana da yoyo a wani wuri, kuma wurin nemansa shi ne garejin makaniki, kafin tafiya ta gaba.